Daga Mararaba Zuwa Haɗejia: Yadda Na Kwashe Iyalina Na Koma Kiwon Kaji Da Kifi

 Tun ranar da na ɗora hoton kejin kajina nake samun tambaya iri ɗaya daga masu aiki a Abuja da Legas da Fatakwal: "Malam, ni ma ina so in dawo gida in kama kiwo, ya ka gani?" To yau na zauna in ba da labarin gaba ɗaya, daɗinsa da ɗacinsa, don wanda zai taso ya taso ido buɗe.

Shekara tara na yi ina aiki a wani kamfani a cikin Abuja, amma gidanmu na haya yana Mararaba. Wanda ya san hanyar Nyanya ya san abin da nake nufi. Sallar asuba kawai nake yi in fita, in dawo bayan isha'i. Yarana biyu, ɗaya shekara shida, ɗaya uku, sai ranar Lahadi suke ganina da rana. Wata rana ƙaramin ya faɗi ya fasa goshi, na miƙa hannu zan ɗauke shi, ya zille ya ruga wajen maƙwabcinmu. Dariya aka yi, ni ma na yi, amma abin ya tsaya min a rai.

Sai ga 29 ga Mayu 2023, aka cire tallafin man fetur. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen Yuli ta wuce 600. Kuɗin mota ya ninka, kayan abinci suka bi, albashi kuwa yana nan inda yake. Da hayarmu ta kusa ƙarewa mai gida ya aiko cewa daga 600,000 ta koma 850,000. Na zauna da biro da takarda, na ga cewa aikin da nake yi na mai gida ne da direbobin bas, ni ɗan aike ne kawai a tsakaninsu.

Ba baƙo ba ne ni a harkar kiwo. A bayan gida ina ajiye buroila 50 duk lokacin sallah da kirsimeti, da tankin roba ɗaya na tarwaɗa. Kuma mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana fili a bayan garin Haɗejia, a hannun Baffanmu. Nan tunanin ya samo asali.

SAI DA UWARGIDA TA YARDA

Wannan shi ne abu na farko, kuma shi ne wanda mazaje da yawa ke tsallakewa. Maman yara haifaffiyar Kaduna ce, sau biyu kacal ta taɓa zuwa Haɗejia, duka biki. Da na kawo maganar shiru ta yi, can ta ce, "Maigida, kai za ka tafi wajen danginka da kajinka. Ni wajen wa zan tafi?"

Ban da amsa a ranar. Wata biyu muna maganar, ba faɗa, amma ba daɗi. Daga ƙarshe ta kafa min sharuɗɗa uku. Na ɗaya, gida a cikin gari za mu kama, kusa da makaranta da asibiti, ba a gona ba. Na biyu, a ware kuɗin abincin gida na wata shida a asusunta, ko kaji za su mutu da yunwa ba za a taɓa ba. Na uku, in shekara biyu ta cika abin bai tsaya da ƙafarsa ba, zan nemi aikin albashi ko a Kano ne, ba gardama.

A lokacin na ji kamar raini ne. Wallahi sharaɗi na biyun nan shi ya hana mu jin kunya, za ku ji dalili.

Mun tashi a watan Disamba 2023, bayan yara sun yi hutu. Gida mai ɗaki uku da tsakar gida muka samu a kan ƙasa da sulusin abin da ake nema a wajenmu a Mararaba. Makarantar babban a ƙafa ake zuwa.

FILI DA RUWA

Ranar da muka je ganin fili na nuna wani kwari mai laima na ce nan zan yi kwamin kifi da ɗakin kaji, tunda ruwa kusa yake. Baffa bai ce komai ba, sai ya ja ni gindin wata tsamiya ya nuna min wani tabo a jikinta, daidai ƙuguna. Ya ce, "Ɗana, nan ruwa ya kai." Na ce, "Baffa, ai ku kuka san wurin, duk inda kuka ce nan za a yi."

Yankin Haɗejia da Auyo da Guri da Kirikasamma sun sha ambaliya a 2020 da 2022. Kogin Haɗejia daga Kano ruwansa ke gangarowa, inda madatsun Tiga da Challawa suke, ga kuma ciyawar kacala da ke toshe hanyoyin ruwa. In damina ta yi ƙarfi ruwa yana neman hanya ne ko ta ina. Don haka a kan tudu muka yi gini, muka jawo ruwa da bututu. Duk wanda zai sayi fili a kusa da fadama, ya je ya gan shi a watan Agusta ko Satumba, kar ya saya da rani. Sannan ko filin gado ne a rubuta a takarda, mai unguwa da shaidu su sa hannu. Ɗan uwan da bai damu da fili ba yau, ranar da ya ga motar ƙwai tana fita zai tuna yana da kaso.

Alherin wurin shi ne ruwan ƙasa ba nisa. Bohol ɗin da muka yi bai ci rabin abin da ake kashewa a ƙasa mai dutse ba. Na sa masa famfon sola, domin in ka dogara da janareta wajen canza ruwan kifi, ribar a gidan mai za ka bar ta.

DARASIN DA NA SAYA DA TSADA

A ƙarshen Fabrairu 2024 na zuba buroila 300, ina lissafin ƙaramar sallah da ta faɗo 10 ga Afrilu. Renon ya tafi lafiya, rigakafin Gumboro da Lasota duk na yi a kan lokaci. Abin da ban lissafa ba shi ne, sati na biyar da na shida, lokacin da kaza ta yi nauyi ta fi jin zafi, ya faɗo daidai ƙarshen Maris da farkon Afrilu. Zafin Haɗejia a wannan lokacin yana haura digiri 40. Ɗakina kuma kwano ne ƙasa-ƙasa, irin na Mararaba.

Kaza ba ta gumi. Haki kawai take yi, ta buɗe fukafukai, in abin ya fi ƙarfinta ta kwanta. Rana ɗaya tsakanin azahar da la'asar, da azumi a bakina, na kwashe gawa 41, kuma manyan ciki ne. Kafin sati ya zagayo sun kai 83. Na dawo gida na kasa shan ruwa. Maman yara ta ajiye min kunu ta ce, "Sha. Shinkafar gidan nan ba daga kejin take fitowa ba tukuna." Nan na gane amfanin sharaɗinta.

Ga gyaran da na yi, wanda ya riƙe ni har yau:

1. Na ɗaga rufin, na shimfiɗa ciyawa da zana a kan kwanon, na buɗe gefe biyu na sa raga. Sabon ɗakin da na yi daga baya tsawonsa gabas da yamma ne, don kar rana ta riƙa shiga ta gefe.
2. Da bazara abinci da sassafe ne da yamma. Daga hantsi zuwa la'asar ina ɗauke mazubin abinci, domin narkar da abinci ma zafi yake ƙara wa kaza.
3. Ruwan sha a randa nake ajiye shi a inuwa, ana canzawa sau da yawa, da bitamin a ranakun da zafi ya tsananta.
4. Na rage cunkoso. Kuma ba na zuba buroilar da za ta girma a Maris zuwa Mayu sai kaɗan.

Sanyi ma da nasa. Da hunturu ruwan kwami yana yin sanyi, tarwaɗa ta rage cin abinci, girma ya tsaya. In ka ci gaba da zuba abinci kamar da, ruwan kawai kake ɓatawa. Sai rana ta ɗaga nake ba su, da daddare in rufe da leda.

KASUWAR NAN DABAN CE

Wannan shi ne abin da nake so masu shirin dawowa su riƙe. Inda rayuwa take da sauƙi, kuɗin hannun mutane ma kaɗan ne. A Abuja masu gidan abinci ne ke kirana. A nan buroila sai sallah ko biki, mutane sun fi son kazar gida da noila. Don haka na juya: leyas su ne ginshiƙi, noila a gefe.

Ƙwai kullum yana tafiya, masu shayi da masu shago suna ɗauka. Amma a sani, 'yar tsaki sai ta yi sati 18 zuwa 20 tana ci kafin ta ajiye maka ƙwai ɗaya. In ta fara, kowace tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato kaji 200 kusan buhu ɗaya mai kilo 25 kullum. Wanda bai tanadi kuɗin abincin wata biyar ba, a wata na uku zai sayar da su da asara. Da damina kuma ƙwan zabi yana shigowa, ciniki ya ɗan ja baya.

Kifi kuwa, ai Haɗejia garin kifi ne, kasuwar kifinta sananniya ce, har daga Kudu ake zuwa saye. Na ɗauka wannan riba ce zalla. Ashe in ruwa ya fara janyewa bayan damina kifin kogi yana cika kasuwa, mai tarwaɗar kwami sai ya karya farashi. Kifi kuma in ya kai girma, kowace rana ya ƙara a ruwa abinci yake ci. Mafita ita ce banda. Na koyi yin ta a wajen masu sana'ar, nauyi yana raguwa sosai, amma kifin yana jira har ka samu mai saye. Sannan ina lissafin wata biyar zuwa shida baya kafin in zuba 'ya'yan kifi, don kar fitarwata ta haɗu da ta kogi.

Akwai abin da ya fi sauƙi a nan. Buntun shinkafa na shimfiɗa yana nan birjik a injinan casa. Masara da waken soya da kaka nake saye in adana. Kashin kaji da nake biya a kwashe min a Mararaba, a nan manoman tattasai da albasa layi suke bi, kuɗinsa yake biyan yaron da ke taya ni aiki. Ruwan da na zubar daga kwami yana shayar da zogale da alayyafo. Akwai kuma wanda ya fi wuya. 'Yan tsaki da maganin rigakafi da abincin kifi mai yawo a saman ruwa duk ta Kano suke zuwa, tafiyar awanni. Rigakafi in ya yi zafi a hanya ya zama ruwa, don haka da kula da ƙanƙara nake zuwa da kaina. 'Yan tsaki kuma da asuba nake sa a ɗoro su.

GIDA FA?

Ba zan ce komai ya yi daidai ba. Wata ukun farko Maman yara ta sha kuka, ba ƙawa, ba 'yar uwa, ga zafi, ga wuta sai an ga dama. Matan Baffa da Islamiyyar unguwa su suka janyo ta cikin mutane. Yanzu lissafin ƙwai a hannunta yake, ita ke karɓar kuɗi, kuma ita ta kafa dokar ba bashi ga dangi. Ni da kaina ba zan iya ba, don in ɗan Gwaggo ya ce a ba shi kiret biyu zuwa Juma'a, bakina nauyi yake.

Asibiti na yau da gobe akwai, amma in ana neman babban likita na wani fanni sai Kano. Wannan a sa shi a lissafi, musamman mai mace da juna biyu ko yaro mai ciwon da ba ya jira. Kuɗin da ke shigo min har yanzu wani watan bai kai albashina na da ba, wani watan ya fi. Bambancin shi ne abin da ke fita ya ragu sosai, kuma da yarana nake cin abincin rana. Ƙaramin nan da ya taɓa guje min, yanzu shi ke riƙe min kiret in ana tsince ƙwai, ya fasa biyu ya ce kaza ce.

Mai shirin tasowa, ga shawarata a taƙaice. Kar ka ajiye aiki sai ka yi kiwon da hannunka, ko kaji 50 ne, ka ga mutuwa ka ga ciniki. Ka je garin ka kwana da bazara, ka koma da damina. Ka zaga kasuwa ka tambayi masu shayi wa ke kawo musu ƙwai, nawa, kuma yaushe suke biya. Ka raba kuɗin gida da jarin gona. Kuma ka zauna da matarka ka saurare ta har ta gama, domin kai kana da kaji da za su ɗebe maka kewa, ita ce za ta wuni a baƙon gida.

Maganar sharaɗin shekara biyu kuwa, kwanan baya na tuna mata. Tana ƙirga kuɗin ƙwai ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Ka fara gyara ragar ɗaki na biyu tukuna, ɓera ya huda ta."

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mana dabbobinmu daga annoba, ya ba kowa mafita ta alheri. Amin.