Abin da Ke Sa Kiɗa Ya Zauna: Daga Luguden Turmi Zuwa Gangunan Bahiya

Kowane mai hidima ya san bambancin ranar da kiɗa ya zauna da ranar da ya ƙi zama. Waƙar ɗaya ce, mawaƙan su ne dai, amma yau jama'a na tafi kamar mutum ɗaya, mako mai zuwa kuwa na gaba na ja, na baya na biyo su da ɗingishi. Sau da yawa mukan ɗora laifin a kan ganga ko lasifika, har a ware kuɗin sayen sababbin kaya. Kafin mu taɓa asusun ikilisiya, bari mu duba yadda kiɗa ke aiki.

Mu fara da turmi. Idan mata uku na lugude a wani gida a Kiyawa ko Jahun, babu wadda ke sauke taɓarya lokacin da 'yar'uwarta ke saukewa. Ta farko ta buga, ta biyu ta shiga gurbin da aka bar mata, ta uku ta cike saura. Gwanar cikinsu takan wurga taɓarya sama, ta tafa hannu, ta cafe, ba tare da lokacinta ya wuce ba. Wannan adon yana yiwuwa ne domin sauran biyun ba su motsa daga wurinsu ba. Haka abin yake a ƙungiyar masu kalangu irin ta marigayi Mamman Shata. Mai babban kalangu yana matse igiyoyin a hammata, sautin ya hau ya sauka yana kwaikwayon maganar Hausa, amma ɗan ƙaramin kuntuku yana gefe yana maimaita abu guda tun daga farko har ƙarshe. Jama'a mai kalangun suke kallo, alhali mai kuntukun ne ke riƙe da su duka.

Sautin da ke riƙe lokaci yakan zama siriri, mai kaifi, domin ya ratsa ƙarar ganguna. Aikin kuge ke nan, ƙarfen nan mai baki biyu da ake bugawa a fada. Ko duwatsun Birnin Kudu, inda zanen shanu na mutanen dā yake, akwai waɗanda in an ƙwanƙwasa su sai su yi amo kamar ƙararrawa. Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a 1956.

Wannan tsari ya haye teku tare da bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa Barazil, musamman jihar Bahiya. A cikinsu akwai Hausawa da yawa, waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804. Su ne suka shirya tawayen 1807, sun kuma shiga na 1835 a birnin Salbado. Amma kada mu yi wa kanmu kirarin da ba namu ba: kiɗan da ya kafu a can yawancinsa na Yarabawa ne, da mutanen Dahomi, da na Kwango da Angola. Abin da ya sa muke duba shi a nan shi ne, rabon aikin makaɗa ya fito fili a cikinsa ƙwarai.

A addinin gargajiyar da suke kira Kandombile, ganguna uku ne: rum babba, rumpi matsakaiciya, le ƙarama. Tare da su akwai agogo, ɗan'uwan kugenmu, wanda har sunansa na Yarabanci bai canja ba. Agogo ke shimfiɗa hanya, ƙananan ganguna biyu su bi shi, babbar kuwa, mai kaurin murya, ita ke yawo tana zance da mai rawa.

Ga ɗaya daga cikin sanannun salon agogon, ku gwada shi a aji. Ku riƙa ƙirga 1 zuwa 12 da sauri, kuna maimaitawa. Rabin aji su taka ƙafa a kan 1, 4, 7 da 10. Sauran su tafa a kan 1, 3, 5, 6, 8, 10 da 12. Tafi bakwai ne a kan taku huɗu, kuma sau biyu kaɗai suke haɗuwa, a 1 da 10. A sauran wuraren tafin yana faɗawa tsakanin taku da taku, kunne yana jiran su sake gamuwa. Wannan jiran da gamuwar, sau bayan sau, shi ne abin da jiki ke ji ya fara rausaya. Da farko ɗalibai za su rikice, a yi dariya. A bar su su ci gaba, bayan minti kaɗan za a ji abin ya ɗinke.

Samba, kiɗan da duniya ta fi sanin Barazil da shi, yana ƙara mana wani abu. Babbar gangar surdu ta fi nauyi a bugu na biyu, ba na farko ba, kuma ƙananan kayan kiɗan ba sa raba lokaci daidai wa daida. Wani bugun yakan ɗan riga, wani ya ɗan jinkirta, da gangan, kuma dukan makaɗan tare suke yin hakan. Saboda haka ne kiɗan da aka ɗora a cikin fiyano mai lantarki yakan zo a bushe ko da bai yi kuskure ba. Na'ura ba ta jin lokacin da mawaƙa ke jan numfashi, ba ta kuma san cewa Hausa na da gaɓa mai nauyi da marar nauyi ba, wadda in an daddatse ta kalmar kanta za ta iya sauya ma'ana. A ganinmu, Zumuntar Mata da tulunsu da kacau-kacau sun fi matasanmu da yawa gane wannan.

A yawancin ikilisiyoyinmu na Dutse da kewaye, ƙarfe ko kacau-kacau akan miƙa wa yaron da ya rasa abin yi, babbar ganga kuma a ba gwani. A wajen koyon waƙa na gaba, a ba mai natsuwar hannu ƙarfen, ya fara shi kaɗai har kowa ya kama tafiyarsa da ƙafa. Sannan ƙaramar ganga ta shiga, sai masu tafi. Mai babbar ganga ya jira sai mawaƙa sun gama baiti na farko.