Zach Lieberman: Mai Zanen da Ya Koya wa Waya Rubutu a Iska

Duk wanda ya taɓa sa kunnen kare ko rawani a fuskarsa a Snapchat ko TikTok ya riga ya yi amfani da fasahar AR, wato ɗora hoton kwamfuta a kan abin da kyamara ke gani a zahiri. A yau za mu duba ɗaya daga cikin mutanen da suka mayar da ita sana'a, Zach Lieberman, ɗan Amurka.

Da karatun zane-zane ya fara, lissafin kwamfuta ya zo daga baya. Ya yi shekaru yana koyarwa a makarantar zane ta Parsons a birnin New York, kuma saboda ɗalibansa ne ya fara haɗa openFrameworks, tarin kayan aiki na yaren C++ da kowa ke iya saukewa kyauta. A 2009 shi da abokansa suka ƙera EyeWriter, tabarau mai ƙaramar kyamara da ke bin motsin ido, domin wani mai zanen bango, Tony Quan, wanda ciwo ya shanye masa jiki, ya ci gaba da zane da idanunsa kawai. A 2013 ya shiga cikin waɗanda suka kafa School for Poetic Computation, yanzu kuma yana koyarwa a MIT Media Lab. Manhajarsa ta Weird Type, da ya yi da Molmol Kuo, tana barin ka rubuta kalma ta tsaya a iska, ka zagaya ta da wayarka.

Ga inda lamarin ya shafe mu. A watan Janairun 2025 kamfanin Meta ya rufe Spark, manhajar da matasa da yawa suka koyi yin filtar Instagram da ita, aikinsu kuma ya ɓace daga dandalin. Wanda ya iya danne-danne cikin Spark kawai ya koma baya. Wanda ya fahimci yadda kyamara ke gane fuska da yadda ake juya siffa a sarari, kamar yadda Lieberman ke koyarwa, sai ya koma Lens Studio na Snap ko Effect House na TikTok.

Ga matashi a Bebeji, Kiru ko Tudun Wada, matsalar farko ita ce waya. Ba kowace Android ce ke ɗaukar ARCore na Google ba, don haka a duba jerin wayoyin da ke shafinsu kafin a ƙona data wurin saukar da manhaja.