Ƴan makaranta da yaƙi da tsargiya

Jama'a, tsargiya cuta ce mai sa fitsarin jini. Ta yawaita a garuruwan bakin tabki da wuraren noman rani, kamar Madarunfa da Jiratawa da Ƙonni. Wasu suna cewa alamar balaga ce. Ba haka ba ne. Idan ta daɗe, tana rage jini, tana ɓata mafitsara da ƙoda.

Abin farko da ya kamata a koya wa yaranmu na kwaleji da lise shi ne hanyar cutar. Mai tsargiya ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwayayen tsutsa su ƙyanƙyashe, su shiga jikin dodon koɗi. Bayan ƴan makonni su fito, su huda fatar mai wanka ko wanki ko dashen shinkafa.

Maganinta farazikantel ne. A shekarar 2004 Nijar ta soma raba shi ga ƴan makaranta. Ana auna tsawon yaro domin sanin yawan abin da zai sha, bayan ya ci abinci. Amma wanda ya warke yana iya sake kamuwa idan ya koma ruwan.

Saboda haka malamai su koya wa ɗalibai faɗar abin da suka sani: su fahimtar da ƙannensu, su je gaban maigari da ladabi su nemi a gina salga, a gyara rijiya. Iyaye kuma, ku saurare su. Yaron da ke fitsarin jini, a kai shi likita.