Toshe Saƙon RNA a Matsayin Hanyar Yaƙar Cututtukan Ido na Bairos

Ciwon idon nan da ake kira Afolo ya fara ɓulla ne a ƙasar Gana a shekarar 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, wanda daga nan sunan ya samo asali. Bairos ne ke haddasa shi, don haka magungunan kashe bakteriya ba sa tasiri a kansa. Haka kuma, bairos ɗin hafis yakan bar tabo a tantanin gaban ido har ya kai ga makanta, wani lokaci ma yakan bijire wa asaikulobiya, maganin da aka saba ba shi. Wannan giɓi ne ya sa masana suka karkata ga dabarar toshe saƙon RNA.

Andrew Fire da Craig Mello ne suka bayyana wannan tsari a 1998, bayan nazarin da suka yi a kan wata 'yar tsutsa, kuma suka sami kyautar Nobel a 2006. Bairos ba ya iya hayayyafa sai ya sa ƙwayar halittar mutum ta karanta saƙonsa na RNA ta ƙera masa furotin. Idan aka shigar da guntun RNA mai igiya biyu, mai tsawon harufa kimanin 21, wanda ya dace da saƙon, sai wani rukunin furotin mai suna RISC ya riƙe igiya ɗaya a matsayin jagora, ya nemo saƙon, ya datse shi.

Ido ya dace da wannan magani saboda ƙanƙantarsa da sauƙin kai wa gare shi kai-tsaye. Ko maganin fomibasen da Amurka ta amince da shi a 1998 don ciwon bairos na ƙwayar ido, toshe saƙon RNA yake yi, ko da yake ta wata hanya dabam.

Sai dai akwai cikas. Hawaye kan wanke ɗigon magani cikin 'yan mintoci, sinadaran jiki kan narkar da RNA, sannan sauyin harafi ɗaya a saƙon bairos na iya raunana maganin. Saboda haka ake naɗe guntayen cikin ƙananan ƙwayoyin maiƙo, ana kuma auna sassa da dama na bairos a lokaci guda. Maganin farko na wannan tsari, fatisiran, ya sami amincewa a 2018 don wata cutar gado. Na bairos ɗin ido kuwa suna matakin bincike.