Kajin da rigakafi bai kama su ba

A kudancin Katsina, daga Funtua zuwa Dandume har Sabuwa, masara ba abin nema ba ce, shi ya sa samari da yawa suka shiga kiwon kajin buroila a bayan gida. Wani ɗan kawuna a Sabuwa yana cikinsu. Zubinsa na farko da na biyu sun yi kyau, na uku ne ya zo da abin da ya ɗaure wa kowa kai. Ya ba su Lasota sau biyu, ya ba su rigakafin Gumboro, bai tsallake komai ba a takardar da dillalin 'yan tsaki ya ba shi. Amma a sati na biyar, lokacin da ya kamata buroila ta doshi kilo biyu, nasa sun rarrabu: wasu sun yi jiki, yawancinsu kuwa sun tsumbure. Da hunturu ya kankama sai koren kashi da minshari, wasu wuyansu ya murɗe, mutuwa ta fara. Duk mai kiwo ya san wannan Niyukasul ce, cutar da aka sani a Najeriya tun 1952, kuma ita ce Lasota take karewa.

Abinci aka fara zargi. Da masarar gonarsa yake haɗawa, masarar da ta sha laima kuwa takan yi fumfuna mai fitar da gubar afulatoksin, wadda ke lalata hanta, ta rage girma, ta raunana garkuwar jiki. Zargi ne mai tushe. Sai dai maƙwabcinsa, wanda ya zuba nasa kajin rana ɗaya da shi, daga buhunan nan yake ciyarwa, tare suke kai niƙa, kuma kajinsa ƙalau.

Aka koma kan maganin. Lasota rayayyen bairos ne da aka kashe wa kaifi. Idan ya fita daga sanyin digiri 2 zuwa 8 sai ya fara mutuwa, kuma kowa ya san yadda wutar lantarki take a ƙauyukanmu. Ruwan famfo mai kulorin ma yana kashe shi, haka in ya wuce awa biyu a mazubin ruwa. Nan ma maƙwabcin ya warware zancen: a filas ɗaya mai ƙanƙara suka ɗauko daga Funtua, da ruwan rijiya ɗaya suka dama. 'Yan tsakin kuma mota ɗaya ta kawo su daga Badun. Ɗan kawun nawa dai ya riga ya yanke hukunci cewa gurɓatattu aka zaɓo masa a ƙyanƙyasa, wata gwaggonmu kuma ta ce kambun baka ne. Ya yi ta zuba musu jan kafso a ruwa, wanda ba ya taɓa bairos ko kaɗan, kuɗi kawai yake ci.

Da likitan dabbobi ya zo, sai ya nemi wadda ta mutu da safiyar nan ya feɗe ta a kan buhu. A tumbin da ke gaban ƙundu akwai ɗige-ɗigen jini, alamar da ake gani a Niyukasul. Bai tsaya nan ba. Ya bi hanji har ƙarshe, ya ɗaga wata 'yar jaka da ke manne a saman dubura ta wajen baya. A kaza mai sati biyar ya kamata ta cika ta yi ɓul-ɓul kamar gurjiya, ciki fari da ninki-ninki. Wannan ta motse, ta yi laushi, da kyar ake ganinta. Ya sa aka yanka biyu daga cikin tsumburarrun da ba su fara ciwo ba, duk haka ya tarar.

"Malam, ka ga inda matsalar take," in ji shi. "Lasotarka ba ta da laifi. Wanda zai karɓe ta ne ba ya nan."

Wannan jaka, bursa, ta daɗe ba a san amfaninta ba. Sai a 1956 Bruce Glick da abokan aikinsa a jami'ar jihar Ohayo ta Amurka suka nuna cewa kajin da aka cire wa ita tun suna ƙanana ba sa iya samar da sinadaran kariya in an yi musu allura. A cikinta ƙwayoyin da ke wannan aikin suke nuna. Akwai kuma bairos da abin farautarsa ke nan: wanda Albert Cosgrove ya bayyana a 1962, bayan ɓarkewarsa a kusa da garin Gumboro na jihar Delawaya, aka kuma ba da rahotonsa a Najeriya a 1973.

Mai kajin bai yarda ba. "Likita, ai na san Gumboro. Farin zawo, su yi bururu da gashi, su yi ta tsattsagar duburarsu, a kwashe gawa kwana uku zuwa huɗu ya lafa. Ban ga ko ɗaya ba."

Gaskiya ya faɗa, amma wannan fuskar cutar ce a kaji masu sati uku zuwa shida. In ta kama su kafin sati uku, galibi ba ta nuna komai. Ɗan tsako yana ci yana sha, bursa tana lalacewa a ɓoye. Daga nan duk rigakafin da aka ba shi ba ya kamawa yadda ya kamata, ƙananan cututtukan hanji da na numfashi su yi ta cinsa, abincin da zai zama tsoka ya tafi wajen jinya. Tsumburewar ke nan.

Saura tambaya ɗaya: ai ya ba da rigakafin Gumboro, rana ɗaya da maƙwabcinsa. Amsar tana cikin kariyar da ɗan tsako ke gada daga uwarsa ta ƙwanduwa. Wannan gado yana raguwa da rabi kusan duk kwana uku zuwa huɗu a buroila. Muddin yana da yawa, yakan kashe bairos ɗin rigakafin kafin ya yi aiki. Bairos ɗin cutar kuwa ya fi na kwalba ƙarfi, yana iya ketawa tun gadon bai sauka inda rigakafi zai kama ba. Akwai 'yan kwanakin da ƙofa take buɗe ga cuta, rufe ga magani. Abin da ke raba gardama shi ne ko cutar tana nan tana jira.

Likitan ya ce a nuna masa ɗakin. Na maƙwabcin sabon gini ne, zubin farko. Nasa kuwa, saboda yana son ya riski kasuwar ƙarshen shekara, kwana kaɗan bayan ya sayar da zubi na biyu ya share sama-sama, ya watsa sabuwar dusar katako a kan tsohuwa, ya kunna gawayi ya zuba 'yan tsaki. Buhunan kashin kajin baya, da yake tarawa don takin masara, suna jingine a bakin ƙofar. Bairos ɗin Gumboro yana daga cikin masu taurin kai: yakan yi watanni da rai a ɗakin da aka kwashe kaji, kuma yawancin magungunan feshi na kanti ba sa kashe shi.

Likitan ya ce tabbaci na ƙarshe sai an kai bursar ɗakin gwaji, a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, don afulatoksin da cutar Marek ma suna motsar da ita. Ni dai a ganina maƙwabcin ya riga ya yi rabin gwajin: tsaki ɗaya, abinci ɗaya, magani ɗaya, ɗaki ne kawai ya bambanta.

Mai kiwo, in ka sayar da zubi, kwashe shimfiɗar duka ka kai gona nesa da kaji, ka wanke daɓe da bango da mazubai da sabulu kafin feshi, ka nemi maganin da likita ya ce yana kashe Gumboro, ka bar ɗakin ya huta aƙalla sati biyu. Ranar ba da rigakafin kuma ka tambayi likitan dabbobi, kada ka tsaya ga takardar dillali.