Jigilar Itace a Nguru da Gashuwa: Wace Tirela Ce Ta Dace da Ƙaramar Tarakta?

NGURU, Jihar Yobe — Da zarar ruwan fadama ya fara janyewa bayan kaka, hanyoyin da ke shigowa Nguru da Gashuwa sukan cika da amalanken shanu ɗauke da itacen girki da azara da ganyen kaba. A 'yan shekarun nan ƙananan taraktoci sun shiga wannan sahu, kuma manomin da ya mallaki ɗaya yakan so ya ci gaba da cin moriyarta da rani, lokacin da babu huɗa. Abin da ke gabansa shi ne zaɓen tirelar da zai ɗaura mata, kuma kuskure a nan yana iya cinye ribar shekara, ko ya jawo asarar rai.

Nguru tsohuwar cibiyar jigila ce. Tun da layin dogo ya iso garin daga Kano a 1930, fatu da gyaɗa da ƙaro suka riƙa taruwa a nan kafin a wuce da su kudu. Amma ƙasar da ake ɗebo kayan ba ta da sauƙi. Daga arewa, wajen Machina da Yusufari, rairayi ne mai zurfi da tuddai. Daga kudu kuwa dausayin Haɗeja da Nguru ne, inda laka ke riƙe ƙafar abin hawa har bayan damina. Tirelar da za ta yi aiki a yankin tilas ta jure wa duka biyun.

Ma'auni na farko shi ne nauyin taraktar kanta. Ƙaramar tarakta mai ƙarfin doki 25 zuwa 40 ba ta cika wuce tan ɗaya da rabi ba. Ƙa'idar da masu ƙera taraktoci suka saba bayarwa ita ce, kada kayan da ake ja a kan tirela marar birki su wuce nauyin tarakta sau ɗaya da rabi. A ɗauki misalin tarakta mai kilo 1,200. Iyakar abin da za ta ja cikin aminci kilo 1,800 ne, har da nauyin tirelar. Idan tirelar ta cinye kilo 500, saura kilo 1,300 na itace. Wanda ya sayi tirela mai ɗaukar tan biyar ya biya kuɗin ƙarfen da ba zai taɓa cika shi ba, kuma ranar da ya cika shi, kayan ne za su tura taraktar a gangaren gada.

Itace kuma yana yaudarar ido. Ɗanyen gungume yana iya zama kusan rabinsa ruwa ne, kuma mita ɗaya mai tsawo da faɗi da zurfi na ɗanyen itace mai tauri kamar gabaruwa yana kai kusan tan guda. Tirelar da ta ɗauki busassun kirare har sama ba tare da wahala ba, rabinta na ɗanyen gungume ya isa ya karya ta.

Ma'auni na biyu shi ne yawan ƙafafu. Tirela mai ƙafa biyu tana ɗora wani kaso na nauyinta a kan bayan tarakta, abin da ke ƙara wa manyan tayoyin baya kama ƙasa. Wannan babbar fa'ida ce a cikin rairayi, kuma ta fi sauƙin juyawa da komawa baya a tsakanin bishiyoyi. Mai ƙafa huɗu tana ɗaukar nauyinta da kanta, ta fi zama daram a kan kwalta tsakanin Gashuwa da Nguru, amma a cikin yashi takan bar ƙaramar tarakta tana haƙa rami a wuri ɗaya. Har ila yau, taya mai faɗi da aka sassauta wa iska ta fi shawagi a kan rairayi da laka fiye da siririyar tayar mota. Yana da kyau girman tayar ya zama irin wanda ake samu a kasuwar garin, domin ƙayar aduwa da ta gabaruwa ba sa raga wa kowa.

Wurin ɗauri ma ba abin wasa ba ne. Dole a maƙala tirela a jikin ƙarfen ja da ke ƙasa, wanda aka yi domin haka. Idan aka ɗaura ta sama da tsakiyar tayoyin baya, kuma kaya suka cije, gaban taraktar yana ɗagawa ta kife da baya a kan direba cikin ƙiftawar ido.

Akwai tireloli na musamman da ake ƙerawa a ƙasashe irin su Finlan da Suwidin, masu hannun ƙarfe da ke ɗaga gungume da ƙarfin mai. An yi su ne domin dogayen itatuwa miƙaƙƙu na dazukan Turai, inda lebura ke da tsada. Itacen arewacin Yobe gajere ne mai karkace-karkace, mutum biyu ko uku sun isa su ɗora shi, kuma idan bututun mai ya fashe a daji, aiki ya tsaya sai kayan gyara sun zo daga Kano. Ga yawancin masu ƙaramin jari, tirelar da masu walda na gari suka haɗa ta fi riba: gindi mai ƙwari kuma ƙasa-ƙasa, turakun ƙarfe a gefe, sarƙar ɗaure kaya, da ƙaramin injin ja na hannu domin gungumen da ya fi ƙarfin ɗauka.

Ta fuskar lissafi, abin da ke mayar da kuɗin tirela shi ne yawan ranakun da take aiki. Wadda itace kaɗai take ɗauka za ta yi watanni a ajiye. Wadda ake iya cire turakunta a sa mata allunan gefe za ta kwashi gero da wake da kaka, shinkafa da albasa daga fadama, taki kuma kafin shuka. Sannan a tuna cewa amalanken shanu ba ya shan man gas. Shirin raya yankin arewa maso gabas mai fama da fari, NEAZDP, wanda ya fara aiki a yankin Gashuwa a 1990 da tallafin Tarayyar Turai, ya ƙarfafa amfani da shanun aiki da dashen itatuwa. A gajeriyar tafiya, amalanke har yanzu yana kayar da tarakta a farashi. Tarakta tana cin riba ne idan nisa ya yi yawa, ko kuma ana buƙatar sawu da dama a yini.

Tambaya mafi nauyi ita ce inda itacen zai fito. Dazukan Gorgoram da Zurgum Baderi da mafakar tsuntsaye ta Dagona suna cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi da aka kafa a 1991, kuma a 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya. Sare itace a wuraren da aka keɓe laifi ne, kuma mai tirela yana iya rasa kaya da abin hawa a hannun ma'aikatan gandun daji. Yobe na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa ya shafa saboda kwararowar hamada.

Don haka jarin da ke da makoma shi ne wanda ya dogara da itacen da aka dasa, kamar darbejiya da turare, da sassabe rassa maimakon kayar da uwar bishiya, tare da takardar izini a hannu. Mai gonar itace ya san adadin da zai yanka kowace shekara, kuma wannan adadi ne ya kamata ya faɗa masa girman tirelar da zai saya. Wanda ya fara sayen babbar tirela da bashi, sannan ya shiga neman abin cika ta, dajin da ke kare gonarsa daga rairayi shi zai biya bashin.