Ire-iren ƙauna a koyarwar Kirista: Abin da ya faru a yankin Lyon lokacin yaƙin Hitila

Bahaushe ya bambance soyayyar saurayi da budurwa da zumunci da kuma amincin abokai. Malaman Kirista ma haka suke kasa ta. Marubucin nan na Birtaniya, C.S. Lewis, a littafinsa The Four Loves na 1960, ya lissafa waɗannan uku, sannan ya ƙara ta huɗu da ake kira agape da Girkanci, wato ƙaunar wanda ba ka haɗa jini ko addini da shi ba, ba ka kuma jiran sakayyarsa. A takarda abin da sauƙi. A yankin Lyon na ƙasar Faransa kuwa, an biya kuɗinta da tsada.

A watan Agustan 1942, gwamnatin Vichy mai yi wa Jamus biyayya ta tara Yahudawa baƙi a wani sansani a Vénissieux, a gefen Lyon, domin miƙa su ga 'yan Nazi. Fada Alexandre Glasberg da ƙungiyar Amitié Chrétienne suka gano wata kafa: ba za a tafi da yaron da ba ya hannun iyayensa ba. Don haka suka bi iyaye cikin dare, suna roƙonsu su sa hannu cewa sun sallama 'ya'yansu.

Mai karatu ya auna wannan. Uwa ce ake ce wa ta miƙa ɗanta ga baƙon da ba ta taɓa gani ba, ba kuma addininsu ɗaya ba. A ganina, a nan rabe-raben malamai ya gaza, domin ƙaunar baƙon ba za ta tsinana komai ba in da ƙaunar uwa ba ta yarda ta saki ba. Yara 108 aka fitar. Akasarin iyayen an wuce da su Auschwitz, ba su dawo ba.

A Villeurbanne, maƙwabciyar Lyon, Fada François Boursier na majami'ar Sainte-Thérèse bai da mata bai da ɗa, amma ya riƙa ɓoye mutanen da ake farauta. An kama shi a watan Yunin 1944, aka azabtar da shi, sannan aka kashe shi a Saint-Genis-Laval ranar 20 ga Agusta tare da fursunoni fiye da 100, saura mako biyu a 'yantar da Lyon. Wani dandali a tsakiyar Villeurbanne na ɗauke da sunansa.